Rawar Ruwa ta Dubai a Zagayen Gari na Yamma: Me Kuɗinka Ke Saya?

Kusan duk kamfanin da ke sayar da zagayen gari na yamma a Dubai da abu ɗaya yake rufe jerinsa: kallon rawar ruwa a gindin Burj Khalifa, bene mafi tsayi a duniya. Hotonta ne a kan takardar talla, kuma da ita ake jan hankalin baƙo ya biya. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne kallon nan kyauta ne. Babu ƙofa, babu tikiti, duk wanda ya iso bakin tafkin zai gani. Kenan kuɗin da aka karɓa a hannunka ba na ruwan ba ne. Kuɗin mota ne, da na ɗan jagora, da na wani abu da ya fi waɗannan biyun muhimmanci: a kai ka wurin a kan lokaci, a tsayar da kai inda ya dace, a bar ka ka daɗe gwargwadon da ya kamata. Da wannan ma'auni ya kamata a auna hidimar, kuma a nan ne zagaye mai kyau da na jeka-na-yi-ka suke rabuwa.

Ita kanta maɓuɓɓugar ba ta da makusa. An buɗe ta a 2009, a cikin tafkin da aka haƙa tsakanin Burj Khalifa da babban kantin Dubai Mall da kasuwar Souk Al Bahar, mai faɗin kusan hekta 12. Kamfanin Emaar ne ya gina unguwar, ya ba kamfanin WET na Kalifoniya aikin tsara ruwan, wato waɗanda suka yi maɓuɓɓugar otal ɗin Bellagio a Las Vegas. Tsawonta mita 275 ne, an jera bututunta cikin da'ira biyar masu bambancin girma da layi biyu masu lanƙwasa kamar baka. Fitilu sama da 6,600 ne a ƙarƙashin ruwan, ga kuma na'urorin haska launi. An kashe mata kusan dirhami miliyan 800. A lokacin da ta buɗe wuta gaba ɗaya, ruwan da ke sama a lokaci guda yana kai lita 83,000, kuma mafi tsawon harbinta yana kai mita 150, tsayin bene mai hawa 50 kenan.

Wanda ya san yadda take aiki ya fi jin daɗin kallo, don haka bari a ɗan tsaya a nan. Bututun iri biyu ne a taƙaice. Akwai masu motsi, waɗanda famfo ke tura musu ruwa ba yankewa, kuma kowanne na zaune a kan wata na'ura da ke juya bakinsa hagu da dama, gaba da baya. Su ne ke yin lanƙwasar nan mai kama da rangajin mutane a sahu ɗaya, ruwan ya kwanta gefe guda ya tashi ya koma ɗaya gefen. Sai masu harbi. Waɗannan ba famfo ne ke ɗaga ruwansu ba, iska ce. Ana matse iska a tara ta, ruwa ya cika bututun, sannan a saki iskar a lokaci guda ta cilla shi sama kamar harsashi. Ƙarar nan da za ka ji ta daki ƙirjinka, bum, ba daga lasifika take ba, fitar iskar ce. Kuma da yake tara iska mai wannan ƙarfi na ɗaukar lokaci, manyan masu harbin ba sa tashi a kai a kai. Sau kaɗan suke tashi a kowane wasa, galibi inda kiɗan ya kai ƙololuwa ko dab da ƙarshe. Wannan ne ya sa wanda ya gaji da riƙe waya ya sauke hannu a minti na biyu yakan rasa abin da ya zo dominsa.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Kafin ruwa ya hau mita 150, sai ya bar bakin bututu da gudun da ya kusa kilomita 200 a awa, ko da ba a sa turjiyar iska a lissafi ba, kuma yana ɗaukar sama da daƙiƙa biyar kafin ya kai ƙarshen hawansa. Idan kana kusa za ka ga haka da idonka: farin ginshiƙi ya miƙe, kansa ya yi ta raguwa da gudu har ya tsaya cak kamar an riƙe shi, sai ya buɗe ya zubo kamar an zazzage buhun gari. Daƙiƙa kaɗan bayan nan wani sanyi mai laima ya sauko a fuskarka. Duk da haka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Burj Khalifa ba, wanda tsayinsa mita 828 ne. Wanda ya san maɓuɓɓugar Sarki Fahd da ke Jidda kada ya zo da tsammanin irinta. Ta Jidda ta fi tsayi nesa ba kusa ba, tana haura mita 260, amma ginshiƙi ɗaya ne a tsaye. Ta Dubai kuwa gwanintarta a motsi take da bin kiɗa.

Ga abu na farko da ke ba baƙo mamaki: wasa ɗaya gajere ne, minti uku zuwa biyar, tsawon waƙa ɗaya. Ana yin sa duk bayan rabin awa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 11 na dare, wato sau 11 a dare ɗaya, ban da gajerun wasanni biyu da ake yi da rana wajen azahar. Kowane wasa da kiɗansa, wani na Larabci, wani na Turawa na gargajiya, wani na zamani, wani na Indiya ko Sin, kuma ba kai ke zaɓa ba. Idan ka faɗo a kan waƙa mai sanyi, masu rangaji ne za su yi yawancin aikin, harbin ya yi kaɗan. Idan ka faɗo a kan mai zafi, sai tafkin ya yi ta tsawa. Saboda haka wasa ɗaya bai isa a ce an ga maɓuɓɓugar ba. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma wasa biyu na nufin aƙalla minti 35 a bakin ruwa, ban da tafiyar zuwa da dawowa. Ka riƙe wannan adadi, don da shi za ka gane ko zagayen da ake tallata maka ya isa.

Abu na biyu shi ne duhu. Fitilun nan 6,600 ba su da amfani idan rana na sama. A watan Disamba rana na faɗuwa a Dubai wajen 5:30, don haka wasan ƙarfe 6 yana zuwa ne cikin shuɗin almuru, sama ba ta gama baƙi ba, fitilun gine-gine sun kunnu. A ganina babu lokacin da ya kai wannan kyau, musamman ga mai ɗaukar hoto. Amma a watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 7. Wasan 6 da na 6:30 da na 7 duk a cikin haske ake yin su, farin ruwa kawai za ka gani. Zagayen da ke da jadawali ɗaya duk shekara, wanda ke sauke mutane a Dubai Mall ƙarfe 6 ya kwashe su ƙarfe 7, yana samun duhu a lokacin sanyi, amma a lokacin zafi ya sayar maka da wasan fitilu ne ba tare da fitilu ba. Daga Mayu zuwa Agusta wasan 7:30 ne farkon wanda ya cancanci sunan, na ƙarfe 8 kuma ya fi shi.

Yanzu ga yadda irin wannan zagaye ke tafiya. Yawanci awa huɗu ne zuwa biyar. Ana ɗaukar mutane daga otal-otal da rana tsaka ko bayan la'asar, a fara da tsohon gari: kasuwar zinariya da ta kayan yaji a Deira, a haye mashigin ruwa a kwale-kwalen katako da ake kira abra, a leƙa unguwar Al Fahidi. Daga nan a bi bakin teku, a tsaya hoto a masallacin Jumeirah da gaban otal ɗin Burj Al Arab, wani lokaci a shiga tsibirin Palm, sannan a juyo ta titin Sheikh Zayed zuwa Burj Khalifa. A takarda tsarin ya yi kyau. Matsalar ita ce maɓuɓɓugar ce a ƙarshen jerin, don haka duk jinkirin da aka yi a hanya ita ke biya. Iyali ɗaya sun makara a otal, minti 10 ya tafi. Wani ya shige shagon zinariya yana ciniki, minti 15. An tsaya a wani kantin kafet ko turare ko kayan tsaraba da ba ya cikin jerin da aka nuna maka, rabin awa. Direba kuwa yana da lokacin tashi. Daga ina za a cike giɓin? Daga minti 45 ɗin da aka yi maka alkawari a bakin ruwa.

Sai cunkoso. Lokacin da motar ke juyowa daga Palm zuwa tsakiyar gari, tafiyar kusan kilomita 20, shi ne daidai lokacin tashi daga aiki. Tsakanin ƙarfe 5 da 8 titin Sheikh Zayed da hanyoyin shiga Dubai Mall sukan cushe, tafiyar minti 20 ta koma 45 ko fiye. A tuna kuma cewa tun Janairun 2022 ƙarshen mako a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini. Ranar Juma'a da ta Asabar da dare su ne mafi cika a bakin tafkin. Wanda ke da zaɓi ya ɗauki Litinin zuwa Laraba.

Abin da takardar talla ba ta taɓa ambata ba shi ne tafiyar ƙasa. Motar ba ta kai ka bakin ruwa. Tana sauke ka a ɗaya daga cikin ƙofofin Dubai Mall, kanti mai shaguna sama da 1,200, kuma sai ka ratsa cikinsa ka sauka hawan ƙasa kafin ka fita ƙofar da ke kallon tafkin. Ga mai ƙafa da ya san hanya, minti 10 ne. Ga ayarin mutum 30 da tsofaffi da yara da keken jarirai, waɗanda dole su tsaya a gaban ƙaton gilashin kifaye da ke cikin kantin, minti 15 zuwa 20 ne. Ka ninka biyu don dawowa. Idan aka ce an ba ku minti 45 daga sauka zuwa hawa mota, abin da ya rage a bakin ruwa bai fi minti 15 ba. Wasa ɗaya kenan idan an yi sa'a, kuma daga bayan mutane. Idan kuka fito ƙofa 7:36, wasan 7:30 ya ƙare, sai ku jira na 8 ko ku koma mota ba ku ga komai ba. A nan ake gane ɗan jagora na ƙwarai. Shi agogo yake kallo tun daga kan titi. Yakan ce, "Jama'a, kifaye da sayayya sai mun dawo, yanzu ruwa tukuna," ya ɗaga tutarsa ya wuce gaba. Wanda bai damu ba kuwa yakan nuna hanya da hannu daga bakin ƙofa, ya ce a haɗu nan ƙarfe kaza, ya koma mota.

Wurin tsayawa shi ne rabin kallon. Mafi yawan mutane suna tsayawa daidai inda suka fito daga kantin, don haka nan ne mafi matsi, sahu biyar ko shida, kowa ya ɗaga waya sama. Gajere ko yaro ba abin da zai gani sai allon wayar wani. Gadar da ta haɗa Dubai Mall da Souk Al Bahar ita ce wurin da aka fi so, domin daga nan ruwan da Burj Khalifa suna shiga hoto ɗaya, amma tana cika da wuri, kuma masu gadi ba sa barin a toshe hanyar wucewa. Wanda ke son gaban gadar ya isa minti 15 zuwa 20 kafin wasa. Dabarar da ta fi aiki ita ce ta bin canjin mutane: da zarar wasa ya ƙare, sahun gaba yakan watse cikin minti biyu. Ka matsa a lokacin ka kama ƙarfen shinge, ka jira na gaba. Jiran ba ya gundura, don ana kunna wasan fitilu a jikin Burj Khalifa a tsakani. Idan ka haye gadar ka bi gefen Souk Al Bahar, mutane sun fi sauƙi. Ɓangaren Burj Park da Dubai Opera ya fi ko'ina sarari, ya dace da mai iyali, sai dai tafiyar ta fi nisa, kuma ba kasafai lokacin zagaye ke isa a je can a dawo ba.

Akwai wurare na kuɗi, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinsu ba. Dandamalin da ke iyo a kan tafkin, mai tsawon mita 272, yana kai ka har kusan mita 9 daga bututu mafi kusa. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a ganina shi ne ƙarin da ya fi kowanne biyan kansa: ƙarar harbin tana ratsa ƙafarka ta cikin dandamalin, kana ganin yadda bakin kowane bututu ke juyawa, kuma babu kan kowa a gabanka. Illarsa biyu ce. Za ka jiƙe idan iska ta juyo, kuma ka yi kusa da yawa har ba za ka ga fasalin da'irorin gaba ɗaya ba. Sai kwale-kwalen da ke zagaya tafkin ya tsaya lokacin wasa. Ya fi tsada, amma yana ba da wurin zama, wanda babban abu ne ga tsoho ko mai juna biyu. Sai dai kana ƙasa dab da ruwa, kuma inda matuƙi ya tsaya nan za ka kalla. Idan kamfanin zagaye ya ce kwale-kwale na cikin kuɗin, ka tambaya wanne: abra ta mashigin Deira ce, wadda kuɗinta dirhami ɗaya ne, ko ta tafkin Burj Khalifa? Sunan ɗaya ne, kuɗin ba ɗaya ba, kuma ana yawan rikita baƙi da wannan.

Kallo daga saman Burj Khalifa, hawa na 124 ko 125, wani abu ne daban. Daga can za ka ga zanen da'irori biyar ɗin sarai, abin da ba a gani daga ƙasa. Amma tsayin ruwan ya ɓace, domin kana sama da shi da mita ɗari uku, kiɗan ma ba ya isowa yadda ya kamata. Yana da kyau a matsayin kallo na biyu, ba na farko ba. Tikitin hawan kuma yana da ƙayyadadden lokaci, layin lif yana cin lokaci, don haka haɗa shi da zagayen da ke bin cunkoso kasada ce. Gidajen abincin da ke da baranda a bakin tafkin su ne mafi daɗi ga wanda ke da hali, ka zauna ka ga wasa uku ko huɗu kana cin abinci. Sai an kama tebur tun da wuri, a kuma faɗa a fili cewa na waje ake so, kuma da yawansu suna da mafi ƙarancin abin da za a kashe a teburin baranda. A tambaya kafin a zauna.

Iska ce babbar abokiyar gabar wannan wasa. Ruwan da ya hau mita ɗari ya zama feshi, kuma iska kaɗan ta isa ta kwashe shi ta zuba a kan mutane da teburan abinci. Saboda haka idan iska ta yi ƙarfi ana rage tsayin harbin, idan ta tsananta a soke wasan. Iskar shamal da ke busowa daga arewa maso yamma, wadda kan zo da ƙura, ita ce ta fi jawo haka. Babu kamfanin zagayen da ke da iko a kan wannan, kuma da yake kallon kyauta ne, da wuya a mayar maka da ko sisi. Haka ma idan an rufe don gyara, kamar yadda aka yi na tsawon watanni a 2025, daga Afrilu zuwa farkon Oktoba. Jadawalin yakan canza a watan Ramadan, a daren sabuwar shekara kuma unguwar gaba ɗaya tana da nata tsarin, ana rufe hanyoyi tun da rana. Duba shafin Dubai Mall a ranar da za ka je ya fi dogara da abin da aka buga a takardar talla. Idan kuma ka isa ka ga iska na kaɗawa, ka dubi tutoci ko ganyen dabino, ka tsaya ta inda iskar ke fitowa, ba inda take nufa ba.

Zafi ma abin lissafi ne. A Yuli da Agusta ma'aunin zafi yana haura 40 da rana, kuma ko da dare ba ya sauka ƙasa da 30, ga laima mai sa riga ta manne a jiki. Tsayuwar minti 35 a cikin cunkoso a irin wannan yanayi ba wasa ba ce ga tsoho, ko mai hawan jini, ko ƙaramin yaro. A riƙe ruwan sha, a kalli wasa ɗaya, a koma cikin sanyin kantin, a fito minti 10 kafin na biyu. Laimar nan tana da wata illa da mutane ba sa tsammani: wayar da ta daɗe a cikin sanyin na'ura, da an fito da ita gilashin kyamararta yakan yi raɓa, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. Gogewa ba ta magani nan take, raɓar na dawowa har sai wayar ta ɗumama. Minti biyar zuwa goma a waje ya isa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa babu wannan damuwa, har ma ana son 'yar riga mai kauri don feshin da iskar dare.

Game da hoto, kurakuran da ake yi guda uku ne. Na farko barin filasha a kunne, wadda ba ta kai ko mita biyar, sai dai ta haska ƙeyar na gabanka. Na biyu barin wayar a tsarin dare, wanda ke buɗe ido na daƙiƙa biyu ko uku, ruwa mai gudu ya zama farin hayaƙi. A kashe shi. Na uku barin wayar ta auna haske da kanta: tana ganin baƙin sama sai ta ƙara haske, ruwan ya ƙone fari fat. Ka danna yatsa a kan ruwan ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Mai babbar kyamara ya sa gudun ɗauka a 1/250 ko sama idan yana son ɗigon ruwa ya tsaya. Don Burj Khalifa ya shiga gaba ɗaya sai an riƙe wayar a tsaye da gilashi mai faɗi. Shawarata dai ita ce wasan farko a kalla da ido, waya na aljihu, na biyu a ɗauka. A kuma kiyaye: ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar ƙasar, musamman mata da iyalai. Ka nufi ruwa da gini, ba fuskokin jama'a ba.

Sallar magariba tana faɗowa daidai tsakiyar wannan lokaci, kuma ba kowane zagaye ne ke sa ta a lissafi ba. Akwai ɗakunan salla na maza da na mata a cikin Dubai Mall, da wurin alwala, amma zuwa da dawowa da jiran layi zai ci minti 15 zuwa 20. A gaya wa ɗan jagora tun a mota, kada a bari sai an sauka. A lokacin sanyi tsarin da ya fi sauƙi shi ne a yi salla da isowa, a fito a kama wasan 6:30 da na 7.

Komawa masauki ita ce tambaya ta ƙarshe, kuma a nan zagaye ya kasu biyu. Wasu suna jira su mayar da kai otal. Wasu suna ajiye ka a Dubai Mall, hidimarsu ta ƙare. Mutane sukan ɗauka na biyun ragi ne, amma ga wanda ruwan ne ya kawo shi, shi ne ya fi, domin babu mai ƙirga maka minti. Sai dai ka san hanyar komawa. Tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ta Burj Khalifa/Dubai Mall tana kan jan layi, kuma wata doguwar gada mai rufi da sanyi, mai tsawon mita 820, ta haɗa ta da kantin. Akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta a ciki, amma daga bakin tafki zuwa cikin jirgi ka ware minti 25. Ana buƙatar katin Nol, wato katin biyan kuɗin jirgi, kuma jirgin yana tsayawa wajen tsakar dare a yawancin ranaku. Layin tasi yakan yi tsawo sosai daga ƙarfe 10 zuwa bayan wasan ƙarshe. Wanda ya tashi bayan wasan 9 ko 9:30 ya tsira daga wannan.

To wa ya kamata ya sayi zagayen? Wanda ya zo Dubai karon farko, kwanansa ɗaya ko biyu, yana son ya ga tsohon gari da bakin teku da Burj Khalifa a yini guda, ko yana tafe da iyaye da yara, zagayen ya yi masa, kuma mota mai sanyi da ɗan jagora mai bayani sun cancanci kuɗinsu. Idan ayarin ya kai mutum huɗu ko biyar, ƙaramar mota ta ku kaɗai ta fi babbar bas ta haɗaka, domin ku ke cewa a wuce kaza a tsaya a kaza, kuma babu jiran kowa. Wanda kuwa maɓuɓɓugar kaɗai yake so, bai da buƙatar kowa, tikitin metro ya ishe shi.

Kafin ka biya, ka nemi amsa a rubuce, ko da ta WhatsApp ce. Ƙarfe nawa motar ke isa Dubai Mall, ba ƙarfe nawa take tashi daga otal ba? Minti nawa daga sauka zuwa hawa? Idan bai kai 75 ba, wasa ɗaya za ka gani. Ɗan jagora yana rakiya har bakin ruwa ko a ƙofa yake tsayawa? Akwai tsayawa a shaguna da ba a rubuta ba? Mutum nawa ne a motar, kuma otal nawa za a bi kafin a fara? Dandamali ko kwale-kwalen tafki na ciki, ko kai za ka biya a can? Idan amsar ta farko ta faɗo kafin faɗuwar rana a watan da za ka je, ka nemi a matsar da tashin da awa ɗaya, ko ka ce a bar ka a can ka koma da kanka.